Idan Hannun Mutum-mutumi Ya Ƙi Ɗagawa: Yadda Ake Bin Sawun Iska

Ranar Juma'a, idan kasuwar Wudil ta cika, manyan motoci kan yi jerin gwano a bakin gada, masu shanu da masu hatsi da masu wucewa Maiduguri. Duk lokacin da direban tirela ya saki birki, sai ka ji motar ta ja dogon tsaki. Iska ce da aka matsa a tanki ta gama aikinta take fita. Dabarar ta daɗe, domin tun 1869 George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska na jirgin ƙasa a Amurka. Ita ce kuma ɗalibai ke ƙanƙantawa su ɗora a kan mutum-mutumin gasa, don ya ɗaga hannu, ya damƙi ƙwallo ko ya sauya giya.

Wudil na da dalilin kula da wannan fanni. A nan jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano take, wadda aka buɗe a 2001, aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, tana kuma da tsangayar injiniya. Ɗalibin da zai haɗa na'ura don aikin shekarar ƙarshe, ko ƙungiyar da ke shirin zuwa gasa, ko ba daɗe ko ba jima za su gamu da ranar da za a danna maɓalli hannun na'ura ya ƙi motsi. A irin wannan rana kowa mai rubuta umarnin kwamfuta yake juyawa ya duba. Shi kuma sai ya duƙufa yana sauya layi bayan layi, alhali laifin yana can bakin wani tiyo da aka yanka a karkace. Neman matsala a tsarin iska ba canki-canki ba ne. Hanya ɗaya iskar take bi daga kwamfireso zuwa silinda, wanda ya bi ta daki-daki zai tarar da inda ta maƙale.

Kafin a taɓa sifana, a san dokar gasar da za a shiga, don daga ita ake samun lambobin da za a yi aiki da su. Gasar FIRST Robotics, wadda Dean Kamen ya assasa aka fara a jihar New Hampshire ta Amurka a 1992, ta yarda a ajiye iska a tanki har psi 120, amma wadda za ta shiga silinda kada ta wuce 60. Gasar VEX ta tsaya a psi 100, kuma ba a ɗora kwamfireso a kan na'urar, da famfo ake cika tankin kafin a shiga fili. Gasar Robocon ta jami'o'in yankin Asiya, wadda aka fara a 2002 har Alƙahira ta karɓi baƙuncinta a 2010, ta saba kafa iyaka a bar 6, wato kimanin psi 87. Akwai kuma waɗanda suka hana iskar gaba ɗaya, kamar FIRST Tech Challenge. Wannan psi ɗin shi ne lambar da ke jikin gejin mai faci. Tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 take sha. Ke nan tankin mutum-mutumi ya ninka tayar mota kusan sau huɗu. Zan yi amfani da lambobin FIRST Robotics a nan, don tsarinsu ya fi cika, amma hanyar bincike iri ɗaya ce a ko'ina.

Me ya sa ma ake wahala da iska, tunda ga moto mai lantarki? Saboda silinda ba ta da nauyi, ba ta buƙatar giya, kuma idan aiki matsayi biyu ne kawai, buɗe ko rufe, sama ko ƙasa, babu abin da ya kai ta sauƙi. Moto idan ya riƙe kaya bai juya ba, zafi yake ɗauka har ya ƙone. Silinda kuwa sai ta wuni riƙe da kaya ba ta san an yi ba.

Ga hanyar da iskar ke bi. Kwamfireso mai cin bolt 12 yana zuƙo ta daga waje ya tura cikin tanki. Kusa da shi akwai bawul ɗin tsaro, wanda aka saita ya buɗe da kansa a psi 125 idan komai ya lalace. Akwai makunnin matsi, mai gaya wa na'ura ta kashe kwamfireso idan an kai wajen 120, ta sake kunna shi idan an sauko wajen 95. Akwai geji na farko mai nuna abin da ke tanki, da bawul na hannu da ake buɗewa a zubar da iskar duka. Daga nan sai ragileta, wadda ke rage matsin zuwa 60, da geji na biyu a bayanta. Sai bawul mai lantarki, wanda kwamfuta ke ba umarni ya tura iska gaban fistin ko bayansa. Sai silinda. Tsakanin kowane biyu akwai tiyo da mahaɗi, kuma a nan mafi yawan rigima take.

Waɗannan geji biyu su ne shaidun farko, kuma abin mamaki ne yadda ake mantawa da su. Na tanki yana nuna sifili? Matsalar tana baya, wajen kwamfireso ko wata babbar kafa. Na tanki ya cika, na aiki yana ƙasa? A dubi ragileta. Dukansu suna daidai amma babu motsi? An wanke rabin tsarin ke nan, saura bawul da silinda da waya. Kallo ɗaya ya rage aikin da rabi.

Idan kwamfireso bai tashi ba sam, wannan aikin lantarki ne, ba ya ɗaukar lokaci. A duba fis, a duba batir da mita, a ja kowace waya a hankali a ga ko ta zame daga mazauninta. A tuna cewa a tsarin FIRST kwamfireso ba ya tashi sai an ba na'urar izinin aiki daga kwamfutar direba, sannan makunnin matsi a rufe yake idan tanki babu iska. Idan wayarsa ta cire, na'urar za ta ɗauka tanki ya cika ta yi zamanta. Batir mai rauni kuma yana da nasa salon yaudara. Kwamfireso na jan wuta sosai lokacin tashi, idan ya haɗu da motocin tafiya suna turereniya a fili, wutar kan faɗi ƙasa da bolt 7, kwamfutar ta katse wasu sassa don ta ceci kanta. A garin da wutar NEPA ba ta da alkawari, batirin da aka ce ya kwana a caji ba lallai ya sha cajin ba. A auna shi yana cikin aiki, ba yana hutu ba.

Idan kuwa kwamfireso na ta ruri amma allurar geji ta ƙi tashi, a fara da abin kunya: bawul ɗin zubar da iska a buɗe yake. Wani ya buɗe shi jiya kamar yadda doka ta ce, aka manta ba a rufe ba. Idan ba shi ba ne, a kashe kwamfireso a kasa kunne, babbar kafa ba ta ɓuya. Allurar da ke tashi ta tsaya cak a wani wuri, a ce 80 ko 90, tana iya nufin bawul ɗin tsaro ne ke buɗewa da wuri don ba a saita shi ba. Ba kowanne ke zuwa daga kamfani a saite ba.

Ƙaramin yoyo shi ne mai cin lokaci. A nan babu malamin da ya fi mai faci na bakin titi. Ba ya tsayawa yana hasashen inda ƙusa ta shiga. Yana hura taya, ya shafa ruwan sabulu, ya jira kumfa ta nuna masa. Haka za a yi: ruwan omo a gora, a ɗiga a kowane mahaɗi ɗaya bayan ɗaya, a kare wayoyi da allon lantarki kada su jiƙe. Ƙaramar kafa kan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin kumfarta ta taru, don haka a yi haƙuri. Idan mahaɗan sun yi yawa, sai a raba tsarin. A cire tiyon da ke fita daga ragileta, a toshe, a cika tanki, a jira. Idan allura ta tsaya, ɓangaren tanki lafiya lau yake. A mayar da reshe ɗaya, a sake gwadawa, sannan na gaba. Reshen da allura ta fara sauka bayan an mayar da shi, shi ne mai laifi. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya. Wanda ya ɗaure noti biyar ya sauya tiyo uku sannan yoyo ya tsaya, bai san abin da ya gyara ba, gobe kuma zai sake daga farko.

Sai dai ba kowace saukar allura ce yoyo ba. Iskar da ta fito daga kwamfireso da zafinta take shiga tanki, idan ta huce matsinta na raguwa. Tankin da aka cika zuwa 120 iskarsa na digiri 50, idan ta sauko digiri 30 zai nuna wajen 112 ba tare da ko ɗigo ya fita ba. Don haka a bar shi ya huce tukuna, a yi alama a gilashin geji, a dawo bayan minti goma. Abin da ya sauka bayan nan shi ne na gaskiya.

To, me ke kawo yoyon? Na farko, yankan tiyo. Mahaɗin da ake tura tiyo a ciki yana da haƙoran ƙarfe masu riƙewa da zoben roba a can ciki mai tare iska. Tiyon da aka yanka a karkace, ko aka datse da almakashi ko filaya har bakinsa ya lotse, ba zai zauna a kan zoben nan daidai ba. A yanka shi a miƙe da reza mai kaifi ko abin yankan tiyo. A tura shi har ya wuce turjiyar farko ya dire, don da yawa suna tsayawa a kan haƙoran suna zaton an kai. Sannan a ja shi baya kaɗan a tabbatar ya kama. Tiyon da aka sha cirewa da mayarwa bakinsa na yin zane, a datse santimita ɗaya a sake sawa. Kuma kada a lanƙwasa shi daga bakin mahaɗi kai tsaye, a ba shi ɗan sarari ya miƙe.

Na biyu matsala ce da ta fi damun mu nan fiye da ɗalibin Amurka, kuma littattafansu ba su cika ambatonta ba, don shi kayansa duka daga kanti ɗaya suke. Mu kuwa haɗe-haɗe muke yi. Kayan gasa da aka yi odarsu daga Amurka da awon inci suke zuwa, tiyonsu rubu'in inci ne, wato milimita 6.35. Abin da za ka samu a kasuwannin Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano galibi daga Sin ko Turai yake, tiyonsa milimita 6. A ido babu bambanci. Amma ka sa tiyo mai 6 a mahaɗin rubu'in inci, zai shiga salin-alin, ya yi ta tsiyaya, wata rana kuma ya fizge a tsakiyar wasa. Haka zancen tiredi. Na Amurka, NPT, a girman ɗaya bisa takwas na inci yana da zare 27 a kowane inci, na Ingila, BSP, yana da 28, kuma kusurwar haƙorinsu ma daban ce, 60 da 55. Za su kama juna zagaye biyu ko uku har mutum ya yi murna, daga nan su cije. Mai ƙarfi sai ya ƙara sifana, ya kashe tiredin ko ya tsaga jikin bawul. Babu yawan tef ɗin da ke gyara wannan. Shawarata ita ce ƙungiya ta zaɓi awo ɗaya tun farko ta tsaya a kansa, ta je kasuwa da samfuri a aljihu da ma'auni a hannu, kada ta dogara da "ai duk ɗaya ne" na mai kanti.

Shi kansa farin tef ɗin masu gyaran famfo yana da ladabinsa. Zagaye biyu ko uku sun isa, a naɗa shi ta inda ake ɗaure notin don kada ya warware, a bar zare ɗaya ko biyu na baki tsirara. Idan tef ya leƙa bakin rami, guntunsa zai yanke ya bi iska ya je ya maƙale a cikin bawul mai lantarki, inda hanyoyin suke sirara ƙwarai. Bawul ɗin da ke aiki yau ya ƙi gobe, sau da yawa guntun tef ne a cikinsa. Mahaɗin da ya zo da zoben roba ko da abin liƙi a jikin zarensa ba ya buƙatar tef ko kaɗan.

Akwai yoyon da ruwan sabulu a mahaɗi ba ya kamawa: iska na fita ba tsayawa ta ramin shaƙar bawul, inda ya kamata ta fita sau ɗaya ta yi shiru. Nan take ake yanke wa bawul hukunci a sayo sabo, amma sau da yawa ba shi ba ne. Idan robar fistin ta cinye, iska na tsallakawa daga ɓangaren da ke da matsi zuwa ɗayan, ta biyo tiyo ta fita ta bawul. Gane mai laifi ba wuya. A bar silinda ta miƙe ta tsaya, a cire tiyon ɓangaren da babu matsi daga jikinta. Idan iska na fitowa daga ramin silindar, robar fistin ce. Idan daga tiyon take fitowa, bawul ne.

Yanzu a ce geji biyu sun cika, babu yoyo, amma silinda ta yi kunnen uwar shegu. A jikin kusan kowane bawul mai lantarki akwai ɗan mitsitsin maɓalli da ake dannawa da bakin biro ko ƙaramin sukudireba, ya juya bawul ɗin ba tare da wuta ba. Wannan maɓalli shi ne alƙalin da ke raba gardama tsakanin mai tiyo da mai kwamfuta. A janye hannuwa daga na'urar, a danna. Idan silinda ta motsa, iska ta fita daga zargi, a koma kan waya da umarni. Idan ba ta motsa ba, a ƙyale mai kwamfuta ya sha ruwa.

A ɓangaren wuta, yawancin bawuloli da allunan da ke sarrafa su suna da ƙaramar fitila mai nuna umarni ya iso. Ba ta kama ba? Wataƙila lambar tashar da aka rubuta a umarni ba ita ce aka soka wayar a ciki ba. Ta kama amma bawul bai yi ƙas ba? A karanta rubutun jikin naɗin wayar. Akwai mai bolt 12, akwai mai 24, kamanninsu ɗaya. Mai 24 da aka ba 12 yakan haska fitila ya ƙi juyawa, ko ya juya in ya ga dama. Mai 12 da aka ba 24 zai yi aiki da zafin nama na ɗan lokaci sannan ya ƙone. Bawul mai naɗi ɗaya yana komawa mazauninsa da zarar an ɗauke wuta. Mai naɗi biyu yana zama inda aka bar shi, kuma idan aka ba ɓangarorinsa biyu wuta tare, babu tabbacin inda zai nufa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, don shi ke yanke abin da hannun na'ura zai yi idan alƙalin wasa ya kashe ta.

A ɓangaren iska akwai wani sirri da ke ruɗa sababbi. Yawancin waɗannan bawuloli ba wutar ce ke tura abin da ke cikinsu ba. Wutar ƙaramar ƙofa kawai take buɗewa, iskar da kanta ke yin turin. Saboda haka suna buƙatar matsi na kimanin psi 20 zuwa 30 kafin su juya. Wanda ya rage ragileta ƙasa sosai don ya yi gwaji a hankali, zai ga bawul ya ƙi aiki ya ɗauka ya mutu. Wani lokaci ma abin cikin yakan tsaya a tsakiya, iska ta yi ta wucewa waje, tanki ya kasa cika, bawul kuma ya kasa juyawa don tanki bai cika ba. Maganinsa a toshe hanyar da ke zuwa gare shi har tanki ya cika, sannan a sake masa iskar gaba ɗaya. Bayan wannan a duba kibiyar jikin ragileta, don idan an ɗaura ta a juye ba za ta yi aikinta ba. A bi tiyo da yatsa a ga ko wani ƙarfe ya danne shi. A ƙarshe a zubar da iska duka, a tura sandar silinda da hannu. Ya kamata ta tafi sumul. Idan tana cijewa, ko sandar ta lanƙwashe, ko an ɗaure silindar ba ta kallon inda kayan ke tafiya. Silinda turi da ja ta sani, ba ta jure nauyin da ke danna ta daga gefe.

Wata matsalar kuma ba lalacewa ba ce, lissafi ne ba a yi ba. Ƙarfin silinda shi ne matsi sau faɗin fuskar fistin. Silinda mai faɗin ciki milimita 20, a psi 60, tana tura kimanin kilo 13. Wajen dawowa kilo 11 take ja, don sanda ta cinye wani ɓangare na fuskar. Mai milimita 40 ba ninki biyu take bayarwa ba, ninki huɗu ne, wajen kilo 53. Amma wannan ƙarfin a bakin sanda yake. Idan an ɗaura silindar santimita 10 daga gwiwar hannu, kayan kuma suna santimita 50, kashi ɗaya cikin biyar ne zai isa can: kilo 13 ya zama ƙasa da 3, ba a ma cire nauyin hannun kansa ba. Idan kuma silindar ta kwanta kusan layi ɗaya da hannun a farkon tafiya, abin da ke ɗagawa ya ƙara raguwa. Hannun da ke ƙin tashi daga ƙasa amma yana ƙarasawa idan an ɗan taimaka masa, kusurwa ce matsalarsa. A matsar da wurin ɗauri kafin a sayi babbar silinda.

Don babbar silinda tana da farashinta, kuma da iska ake biya. Wannan ya kawo mu ga na'urar da ke aiki kamar doki a farkon wasa, kafin wasan ya ƙare ta yi laushi. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan aka matsa iska, gwargwadon yadda matsinta ya ƙaru haka girmanta ke raguwa, kuma da wannan ake ƙidaya guzuri. Tanki mai lita ɗaya, daga psi 120 zuwa 60, yana ba da abin da ya kai lita 4 na iskar waje. Abin da ya rage ƙasa da 60 yana nan, amma ba ya ba da cikakken ƙarfi. Silinda mai milimita 20 da ke tafiyar santimita 15 tana shan wajen mililita 440 a fita da dawowa. Ke nan sau tara, guzuri ya ƙare. Mai milimita 40 sau biyu da ɗan ɗori. Ƙaramin kwamfireso ba ya iya biyan wannan bashi a cikin wasa, kuma idan aka sa shi gudu ba hutu zafi yake yi ƙarfinsa ya ragu. Mafita tana cikin lissafin: a ƙara tanki, a zaɓi ƙaramar silindar da za ta iya aikin, a gajarta tiyon da ke tsakanin bawul da silinda tunda shi ma ana cika shi ana zubarwa kowane zuwa. Wadda aka fi mantawa da ita ita ce rage ragileta. Psi 60 iyaka ce, ba farilla ba. Idan aikin zai yiwu a 40, wancan tanki da silinda mai milimita 20 za su ba da wajen sau goma sha bakwai maimakon tara.

Silindar da ke bugawa da ƙarfi har noti na kwancewa, mahaɗi mai maƙura take so, wanda ake murɗawa a rage gudun iska. A sa shi ya maƙure iskar da ke fita daga silinda, ba mai shiga ba. Idan mai shiga aka maƙure, fistin zai tsaya matsi ya taru, ya zabura, ya sake tsayawa, tafiyar ta zama tsalle-tsalle. Idan mai fita ce, fistin na da abin jingina a gabansa, sai ya tafi lafiya. A kuma duba shi idan silinda ta ƙi motsi, don wani kan murɗe shi har ƙarshe bai sani ba.

Yanayinmu ma yana da hannu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin komai. Kwamfireso na zuƙar ta, tana kwanciya a kan sandar silinda ta haɗu da giris ta riƙa cin roba. A tsaftace matacin kwamfireso, a goge sanda da ƙyalle, a toshe bakin duk tiyon da aka cire, a rufe na'ura idan an tashi. A watan Agusta kuma, musamman a gari na bakin kogi irin Wudil, laima ce. Iskar da aka matsa ba ta iya riƙe ruwan da ke cikinta, sai ya kwanta a tanki ya bi tiyo ya shiga bawul. Direbobin manyan motoci sun san wannan, shi ya sa suke tsiyaye tankunansu. A sa bawul ɗin zubar da iska a wuri mafi ƙasa don ruwan ya bi shi. A bazara kuwa, tankin da aka cika a inuwa aka bari a rana ya tashi daga digiri 30 zuwa 50, zai haura daga 120 zuwa kusan 129, bawul ɗin tsaro ya fara huci. Aikinsa yake yi, a mayar da na'urar inuwa, kada wani ya ɗaure shi.

Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne. Babu wanda ya isa ya toshe bawul ɗin tsaro ko ya ƙara masa lamba don a sami ƙarin iska. Kada a yi tanki da bututun ruwa na PVC komai arharsa, domin idan ya fashe da iska a ciki ba tsagewa yake ba, tarwatsewa yake ya zama tsini-tsini masu shiga ido da jiki. Gaskiya ne ɗaliban Robocon sun yi suna da ajiye iska a gorunan lemo, amma a ƙarƙashin iyakar bar 6 suke yi, da gora marar ƙwarzane da aka naɗe da tef, kuma alƙalai na dubawa. Tankin roba na kamfani ma yana tsagewa idan aka matse mahaɗinsa fiye da kima, har FIRST ta haramta wani samfurinsa. Silinda mai milimita 40 da ke tura kilo 53 ba ta san bambancin ƙwallo da yatsa ba, kuma kashe wuta ba ya fitar da iskar da ke tanki.

Ga malaman da ke kula da ɗakunan gwaji da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, roƙona kaɗan ne. A tanadi geji biyu masu aiki, da abin yankan tiyo, da 'yan matosai na raba tsari, da tabarau na kariya ga duk wanda zai tsaya kusa. A ajiye littafi a rubuta kowace matsala da abin da ya gyara ta, don 'yan aji na gaba su tarar. Kuma a kafa doka a ɗakin: kafin kowa ya sa hannu a cikin na'ura, a buɗe bawul ɗin zubar da iska, a ga allurar geji biyun ta kwanta a sifili.